Amsoshin Tambayoyinku: Shin Rumawa Sun Taɓa Taka Ƙasar Hausa?

Tambaya: Ni malamin tarihi ne daga Badafi ta ƙaramar hukumar Kiru. Ina ba ɗalibaina labarin gardamar masana kan ko tsoffin Rumawa sun ci ƙasar Ayalan da yaƙi ko kuwa ciniki kaɗai ya haɗa su, sai wani yaro ya ce ai kakansa ya gaya masa har kuzar Riruwai Rumawa sun zo saye. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Allah ya ƙara basira, kai da ɗalibin naka. Tambayoyi biyu ka kawo, amma mabuɗinsu ɗaya ne.

Mu fara da Ayalan, wadda Rumawa ke kira Hibernia. Wajen shekara ta 98 Miladiyya, marubuci Tacitus ya rubuta tarihin surukinsa Agricola, gwamnan Rum a Birtaniya. Ya ce wani ɗan sarkin Ayalan da aka kora daga gida ya fake wurin gwamnan, kuma shi Agricola yakan ce runduna guda da 'yan mataimaka sun isa a ci tsibirin. Sai dai cika baki daban, fita yaƙi daban, kuma marubucin bai fito fili ya ce an ci ƙasar ba. A 1996 gardamar ta sake tashi, da wata jaridar Ingila ta ce kayan Rumawa da aka samu a Drumanagh, arewa da birnin Dublin, alamar sansanin soja ne. Masana da yawa suka ce a'a, wurin ya fi kama da matattarar fatake. Sulallan Rum da kayan azurfa sun shiga Ayalan, babu musu, ta hanyar ciniki da kyauta da ganimar hari. Mulkin Rum kuwa bai kafu a can ba.

To, haka zancen yake a wajenmu. A shekara ta 19 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kwamanda Cornelius Balbus ya yi bikin nasara a birnin Rum bayan ya yaƙi Garamantawa, mutanen Fezzan da ke kudancin Libiya ta yau, masu hedikwata a Jarma. Daga baya Rumawa suka girke sojoji a Ghadamus, garin da fatakensa suka yi suna a kasuwar Kurmi bayan ƙarnuka masu yawa. Masanin taswira Ptolemy na Iskandariyya, wanda ya lissafa kogunan Ayalan da ƙabilunta wajen shekara ta 150, shi ne kuma ya kawo labarin wani Julius Maternus. Wannan mutum ya bi sarkin Garamantawa, suka yi wata huɗu suna nausawa kudu, har suka isa wata ƙasa mai suna Agisymba, inda karkanda ke taruwa.

A nan gardamar take. Wasu masana sun ce Agisymba yankin Tafkin Chadi ce, wasu suka ce duwatsun Tibesti, wasu kuma Azbin. Ko da mun ɗauki magana mafi nisa, baƙo ne guda a cikin ayarin wani sarki, ya je ya gani ya koma. A tsakiyar Sahara, a kabarin Tin Hinan da ke Abalessa ta ƙasar Aljeriya, wanda aka tono a 1925, an sami kaya masu alaƙa da Rum, har da tambarin sulen Sarki Constantine. Amma a ƙasar Kano ba a tono sansanin Rumawa ko rubutunsu ba.

Ka ba ɗalibanka misali da fatar awakinmu. Majeman ƙasar Hausa suka jeme ta, ayari ya ƙetara hamada da ita, ta isa Turai ana kiranta fatar Maroko, alhali majemin bai taɓa ganin teku ba. Kaya kan yi tafiyar da mai su bai yi ba, daga wannan hannu zuwa wancan. Saboda haka in an tsinci sule a ƙasa, abin da ya tabbata shi ne sulen ya iso. Wanda ya kawo shi kuwa, sai an nemi wata shaida.

Kada kuma a yi saurin ƙaryata kakan yaron. Kuzar Riruwai, a ƙaramar hukumar Doguwa, tana da tarihinta na gaske, domin mutanen wurin sun narka ta sun kai kasuwa tun kafin zuwan Ingilishi. Sannan sunaye kan canja ma'ana. A Kano, Larabawan arewacin Afirka aka fara kira Turawa, shi ya sa ake da Dandalin Turawa a cikin birni. Rumawan da Suratur Rum ta ambata kuma na daular gabas ne, masu hedikwata a birnin da yau ake kira Istanbul, ƙarnuka biyar bayan Agricola. Mai yiwuwa tsohon yana nufin wasu fararen baƙi da suka zo sayen kuza a zamanin da bai yi nisa haka ba.

Shawarata, Malam, ka tura yaron da littafi da biro ya koma wurin kakansa. Ya tambaye shi daga bakin wa ya ji labarin, wane irin tufafi baƙin ke sawa, da wane harshe suke ciniki, kuma a zamanin wane sarkin Kano aka yi. Abin da ya rubuto ku karanta shi tare a aji. Allah ya taimaka.