Dokin da ya sha wuya da yaro mai koyon hawa

A wasu ƙasashe akwai wata irin barga wadda ba ta sarki ba ce, ba ta attajiri ba ce. Dawakin da ke cikinta waɗanda aka yar ne: wanda ya tsufa a jan amalanke, wanda yunwa ta ramar, wanda sirdi ya ci wa baya har mai shi ya fid da rai. Ana karɓarsu, a yi musu magani, a ciyar da su. In wani ya warke sarai, aka kuma ga halinsa mai sanyi ne, sai a riƙa kawo yara suna koyon hawa bisansa. Darasinmu na wannan karo a kan wannan aiki yake.

Abin ya daɗe. Tun shekara ta 1886 aka buɗe gidan hutun dawaki a Landan, babban birnin Ingila, domin dawakin da ke jan keken haya. A shekara ta 1930 wata mata ƴar Ingila, Doroti Buruk, ta isa birnin Alkahira na ƙasar Masar. Can ta tarar da tsofaffin dawakin soja da aka sayar bayan yaƙin duniya na farko, suna jan kaya, sun zama ƙashi da fata. Ta roƙi taimakon jama'a, ta fanshi kimanin 5000 daga cikinsu. A shekara ta 1934 ta buɗe asibitin dawaki a birnin, inda talaka ke kai dabbarsa a duba ta kyauta.

Mu a nan ba sai mun jira irin wannan babban gida ba. Dawaki masu wahala ba su ƙare ba a kasuwanninmu. Yara masu ɗokin hawa kuwa sun fi su yawa, balle bayan sun kalli hawan salla a Damagaram ko Maraɗi. Mai turke da rumbun harawa, in yana da haƙuri, yana iya sayen irin wannan doki da araha ya raya shi. Amma hanyar koyon da muka gada tana da gyara. Mukan ɗora yaro bisa doki, mu miƙa masa bulala, mu ce faɗuwa ce za ta koya masa. Faɗuwa ta bar yara da dama da karaya, wasu da taɓuwar kai har ƙarshen ransu. Dokin da aka taɓa zalunta kuma ba ya manta bulala.

A fara da dokin

Ranar da aka kawo shi, a ɗaure shi nesa da sauran dabbobi har sati 3, da bokitinsa na shan ruwa shi kaɗai. Ba mu manta da shekara ta 2019 ba, lokacin da wata mura mai tsanani ta kashe dubban jakuna a Nijar. Irin wannan cuta daga hanci zuwa hanci take tafiya. In doki yana zubar da majina mai kauri, ko yana da ƙuraje jere a ƙafa masu fitar da mugunya, kada yaro ya matso kusa da shi sai likitan dabbobi ya gani.

Ga wurin da masu kyakkyawar niyya ke kashe doki da hannunsu. Mutum ya ga haƙarƙari a waje, tausayi ya kama shi, sai ya cika kwano da gero ko dawa ya ajiye masa. Jikin da ya daɗe da yunwa ba ya iya ɗaukar hatsi da yawa farat ɗaya. Gishirin da ke cikin jini yakan rikice, zuciya ta kasa, dokin ya faɗi tun satin farko bai cika ba. Ban da haka, tumbin doki ƙarami ne, kuma doki ba ya amai. Abin da ya shiga ya shiga ke nan.

Saboda haka a kwana 3 na farko a ba shi harawar wake ko ta gyaɗa mai tsabta, wadda ba ta yi fumfuna ba. Kowane ci kada ya wuce rabin kilo, sau 6 tsakanin dare da rana. Daga nan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har kwana 10. Hatsi da dusa su jira sai an wuce wannan lokaci, su ma da tafin hannu za a fara. Lafiyayyen doki yana cin busasshiyar ciyawa kamar kilo 2 a kan kowane kilo 100 na nauyinsa. Dawakinmu ba manya ba ne, da yawa ba su wuce kilo 300 ba. Ku yi lissafin a allo: kilo 6 ke nan kowace rana. Ruwa kuwa litir 20 zuwa 40 yake sha, da bazara har ya zarce haka. Shayarwa sau ɗaya a yini ba ta isa.

Mikin baya yana son ruwan da aka tafasa ya huce, da gishiri ƙaramin cokali 2 cikin litir 1, a wanke safe da yamma, a kare shi daga ƙudaje. Baƙin man mota da toka da kashin shanu ba magani ba ne, ƙara ruɓar da nama suke yi. Muddin mikin bai rufe ba, gashi bai fito ba, sirdi ba ya komawa. Farin gashin da kuke gani a gadon bayan wasu dawaki shaidar tsohon mikin sirdi ce.

Likitan dabbobi zai ba da maganin tsutsar ciki daidai nauyin dokin, ya duba kofato da haƙora. Haƙoran doki na ciki sukan yi kaifi su yanki kumatu, har ya riƙa zubar da abinci daga baki. Ana goge su da magagari. Mai doki kuma yana da awon da zai iya yi da kansa. Ya tsaya gefe ya kalli cikin dokin yana hutawa a inuwa: numfashi 8 zuwa 16 a minti ɗaya shi ne daidai. Zafin jikinsa digiri 37 da rabi ne zuwa 38 da rabi. Dokin da ya rame ƙwarai yakan ɗauki wata 3 zuwa 5 kafin ya murmure. Mai gaggawa ya nemi wata sana'a.

Ba kowane ne zai ɗauki yaro ba

Warkewar jiki daban, warkewar hali daban. Ko a ƙasashen da muka ambata, dawaki da yawa na gidajen ceto ba a sake hawansu har su mutu. Kafin a amince da doki, babban mutum wanda ya iya hawa ya gwada shi makonni. Ya taɓa kunnensa da cikinsa, ya ɗaga ƙafafunsa huɗu. Ya ratsa da shi kusa da babur, kusa da kare, kusa da leda mai tashi a iska. Dokin da ke tutsu, ko tabarya, ko cizo lokacin da ake jan majayi, a bar shi ya huta ko ya yi aiki mai sauƙi. Ba na yaro ba ne.

Duƙushi ma ba na yaro ba ne, ko da iyaye suna son su tashi tare. Ɗan koyo biyu ba sa koya wa juna komi. Dokin da ya shekara 10 ko fiye, ya ga duniya, shi ne malami. A nan sai mun faɗi wata magana da ba kowa zai so ba. A ƙasarmu namiji yana jin kunyar a gan shi bisa goɗiya, kowa ingarma yake so. Ingarma kuwa da ya ji ƙanshin goɗiya ko haniniyar wani ingarma, ya manta da wanda ke bayansa, kuma hannun ɗan shekara 8 ba ya tsai da shi. Tsohuwar goɗiya mai sanyi, ko dokin da aka dandaƙe, su suka dace. Masu dariya su yi ta yi.

Darasin farko a ƙasa ake yinsa

Sati biyu na farko yaro ba ya hawa. Yana kawo ruwa, yana share kashi, yana goge jikin dokin, babba yana tsaye kusa. A nan yake koyon yadda doki ke gani. Idanun doki a gefen kai suke. Yana ganin dama da hagu sosai, amma ba ya ganin abin da ke daidai bayan wutsiyarsa, ko daidai ƙarƙashin hancinsa. Shi ya sa yake harbin wanda ya zo masa ta baya shiru. A koya wa yaro ya tunkare shi ta kafaɗa, yana yi masa magana a hankali. In zai ba shi abinci da hannu, ya shimfiɗa tafinsa, yatsu a haɗe. In zai ja shi, ya tsaya wajen kafaɗar hagu. Kada ya taɓa naɗa igiya a hannu ko a ƙugu. Doki in ya zabura, da igiyar da yaron zai tafi.

A nuna masa kunne. Kunnuwa a gaba, doki yana sauraro. Kunnuwa kwance a baya, manne da wuya, gargaɗi ne, a ja da baya. Yaron da ya iya karanta kunnen doki ya yi rabin karatun. Wannan aiki na ƴan mata ne kamar yadda yake na ƴan maza, domin su ma suna kai dabbobi rijiya kullum.

Ranar hawa

A zaɓi fili mai rairayi, ba duwatsu, ba kututture, nesa da hanyar mota. Da sanyin safiya ko bayan la'asar. Minti 20 zuwa 30 sun isa, ga yaro ga doki. Wanda bai kai shekara 6 ba, a zaga da shi kaɗan kawai, wani na jan doki, wani na riƙe da shi a gefe.

Masana sun ce kada kayan da ke bisa doki su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa. Dokin kilo 300, kilo 60 ke nan, har da sirdi. Sirdin gargajiya da kayan adonsa yana da nauyi, a sauke adon duka. Ga dokin da ya tashi daga ciwo, a tsaya ƙasa da wannan awo. Goyon yara biyu ko uku babu shi.

Linzaminmu na gargajiya mai zobe yana da zafi ƙwarai a baki. A hannun gwani ɗan taɓi ya isa. Yaro kuwa in ya ji zai faɗi, linzami yake ja da dukan ƙarfinsa, ya yanki harshen doki, dokin ya miƙe tsaye. Don haka a fara da ragama, babba yana riƙe da igiyar. Yaro ya kama gaban sirdi ko gezar doki. Ba ƙaimi, ba bulala.

Abu biyu ba a sassauta su. Na farko hular kwano daidai kan yaron, a ɗaure igiyarta a haɓa. Hula da rawani ba sa tare dutse. Mun san tana da tsada, amma gida uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya, tun da ba tare yaran ke hawa ba. Na biyu takalmi rufaffe mai ɗan dunduniya. Likkafar manya ta yi wa ƙafar yaro faɗi. Ƙafa takan zurma ciki, in ya faɗi ta maƙale, doki ya ja shi a ƙasa. In ba a sami ƙaramar likkafa ba, gara a cire ta ɗungum a farkon koyo.

Ta hagu ake hawa. Yaro ya zauna a hankali, kada ya faɗa wa bayan dokin tim. Ya miƙe baya, ya kalli gaba ta tsakanin kunnuwa, ya sauke dunduniya ƙasa. Abin da zai fara koya shi ne tsayawa, sannan tafiya, sannan juyawa dama da hagu. Sassarfa sai ya iya sakin hannu biyu doki na tafiya bai karkace ba. Sukuwa kuwa ba ta cikin karatun watannin farko, komi naci. Bayan ya sauka, shi zai sassauta majayi, ya shafa bayan dokin ya ji ko akwai kumburi ko wuri mai zafi. In akwai, gobe ba hawa.

In ya faɗi

Duk da haka wata rana zai faɗi. Kada a ɗaga shi da sauri, kada a tilasta masa komawa bisa sirdi don kada a ce matsoraci ne. Wani ya kama dokin, wani ya durƙusa ya tambayi yaron sunansa da inda ke yi masa ciwo. In ya ce wuya ko baya, ko ba ya jin ƙafafunsa, kada a lanƙwasa shi, kada a goya shi bisa babur. A tallafe kansa, a kwantar da shi bisa abu mai faɗi mai ƙarfi, kamar ƙyauren ɗaki, a kai shi likita a haka.

In kansa ya bugu, a sa masa ido kwana 2, har cikin dare. Suma ko ta ɗan lokaci ce, amai, barcin da ake tashinsa da ƙyar, magana a rikice, jijjiga, jini ko ruwa daga kunne ko hanci: kowane ɗaya daga cikinsu yana nufin a tafi likita nan take, ko da tsakar dare ne.

Ƙaramin rauni ma ba a raina shi a barga. Ƙwayar ciwon tetanos, mai sandarar da jiki ya sarƙe haƙora, tana zaune cikin ƙasa da kashin doki. A wanke raunin da ruwa mai tsabta da sabulu. Rigakafin wannan ciwo yana cikin allurar da ake yi wa jarirai a sati 6 da 10 da 14, amma ƙarfinta yana raguwa da shekaru. Kafin yaro ya fara zuwa barga, uwa ta fito da katinsa na rigakafi, a kai wa ma'aikacin lafiya ya duba ko yana bukatar ƙari.