Motar da Ba Ta da Ƙara: Jan Hankali ga Direbobi da Iyayen Yara a Fakku da Kewaye

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cire tallafin man fetur, lissafin mai mota ya sauya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin shekarar 2024 ta ƙare kuma ta tsallake naira 1,000. Mutumin da a da yake fara tambayar dillali ƙarfin inji, yanzu shan mai yake fara tambaya. Ta wannan ƙofa motar da ake kira haybirid ta samu shiga, wato mai haɗa fetur da lantarki: Prius, da Camry, da Highlander, da Lexus RX, akasarinsu 'yan Beljiyam waɗanda suka sha aiki a Amurka ko Turai kafin su iso nan.

A Fakku da Kuchi da Sangi da Ungushi, da sauran garuruwan ƙasar Kebbe, irin wannan mota baƙuwa ce tukuna. Takan zo ne da ɗan gari mai aiki a Sakkwato ko Abuja in ya zo Sallah, ko da abokan ango, ko da masu zuwa ta'aziyya. Baƙuncin nan nata shi ya sa aka rubuta wannan takarda, domin yaran gari ba su san halinta ba, kuma sau da yawa mai ita ma bai gama saninta ba.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, kowane ƙarshen shekara tana bin tashoshin mota tana gargaɗi kan gudun wuce sa'a, da lodin da ya wuce kima, da tsohuwar taya, da waya a hannun direba. Duk gaskiya ne, kuma duk wanda ke bin hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal zuwa Jega ya ga dalili da idonsa. Amma haɗarin wannan mota yana wani wuri dabam. Yana ƙofar gida, da lungu, da bakin kasuwa, a lokacin da tafiyarta ba ta wuce ta mai jan sa ba.

Ga yadda take. A cikinta akwai masu ja guda biyu, injin fetur da injin lantarki, sai wani babban batir a bayan kujerar baya ko a ƙarƙashinta. Kwamfutar motar ce ke zaɓen wanda zai yi aiki. In an hau titi ana gudu, injin fetur ya ɗauka. In an rage tafiya ko an tsaya, sai ya mutu da kansa, lantarki ya karɓa. Irin da aka fi kawowa nan ba a jona su da wutar gida: injin fetur ne ke cika batirin, haka kuma duk lokacin da aka taka birki wani ƙarfi yana komawa cikinsa. Kamfanin Toyota ya fara sayar da Prius a Japan a watan Disamba na 1997, saboda haka dabarar ba sabuwa ba ce, mu ne ta iso wa a makare.

A yawancinsu, wajen tayar da ita ba a murɗa makulli. Makullin yana aljihu, direba ya taka birki, ya danna maɓallin da aka rubuta POWER, sai wani koren rubutu mai haruffa biyar ya bayyana a allon gabansa: READY. Wanda bai yi boko ba ya haddace siffarsa da launinsa. Daga lokacin da rubutun nan ya kama, motar a kunne take, ko inji yana ƙara ko ba ya yi.

Manomi ya san wutar ƙaiƙayi. Bayan sussuka a tara ƙaiƙayi a bayan gari a sa masa wuta, harshen ya tashi na ɗan lokaci ya kwanta. Kashegari mai wucewa ya ga toka ce fara fat, ba hayaƙi, ba ƙauri, har kaji suna tono a gefenta. Sai ya ce ta mutu. Alhali tana can ƙasa tana ci a hankali, kwana biyu, kwana uku, ba ta gaya wa kowa. Babba ya san ya kewaye ta, domin an taɓa faɗa masa, ko ya taɓa ganin ƙafar wani. Yaro ne ke tahowa da gudu ya burma a ciki. Kuma in an tashi neman mai laifi ba a zuwa wurin yaron, wanda ya sa wutar ya tafi ya bar ta ake nema. To, motar da koren rubutun nan ke kunne a allonta haka take: samanta toka, ƙarƙashinta wuta.

Kunnen mutanenmu da ƙarar inji ya saba. Tsohuwa mai tallan fura ba ta waiwaye, ƙarar kabu-kabu take saurara ta raɓe. Makaho da ɗan jagoransa, da dattijon da idonsa ya yi rauni, da mace mai tulu a ka da goyo a baya, duk da kunne suke tsallaka hanya. Wannan mota kuwa, in tana tafiya a hankali kan lantarki, ba abin da ake ji sai ɗan motsin taya kan yashi, shi ma hayaniyar ranar kasuwa ta haɗiye shi. In an sa ta a ribas, a motocin Toyota lantarki ne ke mayar da ita baya. Ƙarar da direban Prius ke ji tana ɗin-ɗin-ɗin lokacin ribas kada ta ruɗe shi: a cikin mota take, wanda ke tsugune a bayan taya bai ji komai ba.

Ba tsoron ƙauye ne wannan ba. A 2009 hukumar kula da haɗurran hanya ta Amurka ta fitar da bincike da ya nuna cewa, a yanayin tafiya a hankali kamar tsayawa da ribas da shiga ko fita wurin ajiye mota, yiwuwar motar haybirid ta buge mai tafiya a ƙasa ya kai ninki biyu na motar fetur zalla. Ƙungiyar makafi ta ƙasar ta matsa, har Shugaba Obama ya sa hannu kan doka a Janairun 2011, wadda ta kai ga tilasta wa kamfanoni su sa wa irin waɗannan motoci wata ƙara ta musamman. Tarayyar Turai ta fara tata dokar a watan Yuli na 2019. Ƙasashe ne masu titin ƙafa da fitilun hanya, inda yaro ba ya wasa a kan kwalta, amma suka ga abin ya isa a yi masa doka. Ina ga lungun da awaki da yara da babura ke raba shi? Abin da ya ƙara muni shi ne, motocin da suka fi araha a wurin dillalai su ne tsofaffin, waɗanda aka ƙera kafin a fara sa musu wannan ƙara.

Sai kuma babban sakaci, wanda ba shi da uzuri ko kaɗan. Mutum ya iso ƙofar gidansu bayan doguwar tafiya, 'yan uwa sun fito ana oyoyo, inji ya yi shiru da kansa, shi kuwa zuciyarsa ta ba shi ya kashe mota. Giya tana D. Da ɗaga ƙafarsa daga birki, motar ta fara silalewa gaba, daidai lokacin da yara suka yanyame ta suna shafa fitila suna leƙa madubi. Motar takan yi ƙarar gargaɗi in an buɗe ƙofa a haka, amma wa ke jin ta a cikin guɗa? Ko kuwa ya sa ta a P, giyar ajiya, amma ya bar ta a kunne ya shige zaure gaisuwa da makulli a aljihu. Motar da ke READY ba ta mutuwa don makulli ya yi nisa. Duk ɗan samarin da ya shiga ya taka birki ya taɓa giya, ta tafi da shi.

Wannan ganganci ne, kuma a kira shi da sunansa. Mutum ya iya tara miliyoyin sayen mota, amma ya kasa ba ta daƙiƙa biyar ya duba allo kafin ya fita? Wasu har alfahari suke da shirunta, su lallaɓo bayan abokansu a majalisa don a yi dariya. Wasan da in ya ɓaci sai an haƙa kabari, mai hankali ba ya yin sa.

Akwai wata fuskar ta uku, mai kisa cikin dare. Motar da aka bari a kunne, in batirinta ya yi ƙasa, injin fetur yakan tashi da kansa ya cika shi, ya mutu, ya sake tashi, har gari ya waye. In tana cikin gareji a rufe, ko a rumfar da ke manne da ɗakin kwana, gubar da ke fita daga salansa tana taruwa, ba ta da launi ba ta da wari, irin dai wadda ke cikin hayaƙin janareta da ta sha hallaka iyali guda a ƙasar nan. A 2018 jaridar New York Times ta ƙidaya mutum 28 da suka mutu a Amurka tun daga 2006 ta wannan hanya, a motocin da ake tayarwa da maɓalli. Haka nan mai kwana cikin mota da esi a kunne lokacin zafin bazara, ya tabbata a fili take, ba a rufaffen wuri ba.

Shari'a ba ta bar wannan a buɗe ba. Malamai sun karantar, daga Suratun Nisa'i, cewa kisan kuskure yana da diyya ga dangin mamaci, yana kuma da kaffara, wadda a zamanin nan azumin wata biyu ne a jere. Diyyar rai a littattafan Malikiyya raƙuma 100 ce ko dinari 1,000. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne, kuma direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da sakacinsa ya jawo. A ƙasarmu akan yafe, a ce ƙaddara ce, kuma lalle ba mai wuce kwanansa. Sai dai yafewar iyaye ba ta sauke kaffara, ba ta kuma hana tambaya gobe ƙiyama.

Abin da ake nema ga direba bai da wuya. Kafin ya shiga, ya kewaye motar da ƙafarsa, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashinta, domin a zafin Afrilu inuwar mota wurin hutun yara ne da 'yan awaki. Ya sauke gilashi, ya kashe rediyo, ya ɗan taɓa ham kafin ya motsa. In zai yi ribas a lungu, ya sa babban mutum ya tsaya ya duba masa, kada ya sa yaro. Maɓallin EV, mai hana injin fetur tashi na tsawon kilomita ɗaya ko biyu, ba na cikin gari ba ne inda yara suke. In ya zo tsayawa, ƙafa na kan birki ya sa P, ya taka birkin ajiya, wanda a yawancinsu feda ce a can gefen hagu, ya danna POWER, ya tsaya har ya ga koren rubutun ya ɓace da idonsa. Sannan ya kulle, ya sa makulli inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Sauran abubuwan a taƙaice. Giyar Prius 'yar ƙarama ce, in an tura ta takan dawo tsakiya, don haka allo ake dubawa a san inda take, P kuma maɓalli ne dabam. Harafin B na gangara ne, yana riƙe mota da inji, ba na tafiyar yau da kullum ba. Al'adar sa mota a firi don tsimin mai a bar ta, a N batir ba ya caji. ECO na rage shan mai, PWR na ƙara kuzari wajen wuce babbar mota. Ba a tayar da ita da turi, ba a jan ta da igiya tayoyin gaba na ƙasa, ba a bari mai ya ƙare ƙaf. In ta ƙi kamawa, sau da yawa ƙaramin batirin nan mai bolt 12 ne ya yi sanyi. Akwai 'yar tagar iska a gefen kujerar baya wadda fankar batir ke shaƙa ta ciki. Buhu ko zane in ya toshe ta, ko ƙurar hunturu ta cika ta, batir ya yi zafi ya lalace, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Da damina kada a kutsa da ita ruwan da ba a san zurfinsa ba.

Wayoyi masu ruwan lemo kuwa, masu ɗauke da wutar babban batirin, ba na kowa ba ne. Batirin Prius ya haura bolt 200, na'urar motar kuma tana ɗaga shi zuwa 500 ko 650. Bakanike ko mai wayarin da bai koyi aikinta ba ya faɗi gaskiya ya ce a kai Sakkwato ko Birnin Kebbi. Wanda zai sa hannu a inji, ko canjin baƙin mai ne kawai, ya tabbatar an kashe ta, ya kuma nisanta makullin da ita kamar mita biyar, don kada inji ya tashi hannunsa na ciki.

Ana roƙon hakimai da masu unguwanni, da limaman Juma'a, da malaman makarantun allo da na boko, da shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Kebbe da Tambuwal, su isar da wannan magana, musamman gab da Sallah da lokacin bukukuwa, sa'ad da baƙin motoci ke cika gari. Iyaye mata su gaya wa yara cewa akwai motar da ke tafiya ba ƙara, kada a zauna a ƙarƙashin kowace mota ko a bayanta. In kuma haɗari ya auku, lambar kiran gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122. Allah ya kiyaye mu da iyalanmu, amin.