Rumbun tsimi

Da kaka hatsi yana da araha. Manomi yana bukatar kuɗin haraji, da na tufafi, da na biki, sai ya kai hatsinsa kasuwa. Ƴan kasuwa su saye, su kimsa a cikin sito.

Kafin damina ta yi nisa, rumbun gida ya ƙare, hatsi kuma ya yi tsada. Sai magidanci ya bar gonarsa, ya tafi ƙwadago a gonar wani don ya samo tiya ɗaya. Kafin ya dawo, ciyawa ta cinye tasa. Ranar girbi ya tarar dammansa sun ragu.

A shekarar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta yi ɓarna. Da daminar 2005 ta zo, buhun gero ya kai wajen jaka 30 a wasu kasuwanni. Jahar Maraɗi ta sha wuya ƙwarai, musamman ƙananan yara.

Mutanen Agye, da Gazawa, da Gidan Runji suna da dabarar rage wannan wahala. Sunanta rumbun tsimi. Ƙungiyar gari ta tara hatsi da kaka, ta ajiye. Idan abinci ya yanke, a buɗe rumbu, a sayar da rangwame ko a ba da rance. Wanda ya ranta ya biya bayan girbi, ya ɗora ɗan ƙari. A ƙasar Agye hukumar FIDA ta taimaka aka kafa irin waɗannan rumbuna, mata ne ke riƙe da wasu. Dama matan Maraɗi sun saba da tanadi, domin nan ne asusun Mata Masu Dubara ya soma a 1991.

Ƙungiya ita kaɗai ba ta iya wannan aiki. A da, magajin gari ne ke ba ta takardar shaida. Idan gwamnati ta aiko da hatsin ma'aikatar OPVN don a sayar da rangwame, ofishinsa da masu gari ke lura da awo. Ita kuwa ƙungiya ta zaɓi shugaba, da ma'aji, da magatakarda. Su ne suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba.

Amma rumbun tsimi amana ne. Idan masu rance suka ƙi biya, baɗi a buɗe shi a tarar da wayam.

Tambayoyi

1. Me ya sa hatsi ke araha da kaka?
2. Wace hasara manomi ke yi idan ya tafi ƙwadago da damina?
3. Mene ne aikin magajin gari? Na ƙungiya fa?
4. Wata mata ta ranci tiya 20. Kowace tiya 10 ana ɗora mata tiya 1. Tiya nawa za ta biya?
5. Ku tambayo iyayenku kuɗin tiyar gero da kaka da kuma da damina.