Darasin Kimiyyar Zamantakewa: Karyewar Naira da Haihuwar Fim ɗin Bidiyo

Ɗalibai, tambayarmu ta yau ita ce: idan tattalin arzikin ƙasa ya durƙushe, me ke samun nishaɗin jama'a? Da yawanku za ku ce sai ya mutu, tunda mai neman na cefane ba ya sayen tikitin silima. Bari mu gwada wannan amsa da abin da ya faru a Najeriya.

Mu fara da kuɗi. A 1986 farashin ɗanyen mai ya faɗi warwas a kasuwar duniya. A shekarar ce gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki da ake kira SAP, aka karya darajar naira. A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba, amma zuwa 1990 ta kai kusan naira 8. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje sai ya yi tashin gwauron zabo, har da takarda da tawada da zaren fim.

Matsi irin wannan yana shiga al'ada ta ƙofa uku. Ta farko ita ce ta mai yin aikin, kuma ita ce nake son ku riƙe sosai. Finafinai irin su Shehu Umar na Adamu Halilu, wanda ya fito a 1976, a kan zaren fim aka ɗauke su, kuma galibi sai an kai zaren ƙasar waje an wanke shi. Da naira ta karye, wannan hanya ta gagari kusan kowa. Sai kyamarar bidiyo, wadda ake ɗaukar biki da ita, ta maye gurbi. A Kano ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990. A Legas ɗan kasuwa Kenneth Nnebue ya shirya Living in Bondage da harshen Ibo a 1992.

Haka aka yi a fagen rubutu. Manyan kamfanonin ɗab'i irin su NNPC ta Zariya sun ja baya wajen buga ƙagaggun labarai, sai matasa suka riƙa kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Wanda ya taɓa riƙe littafin soyayya na wancan zamani ya san siffarsa: siriri, takardarsa irin ta jarida, an raba labarin na ɗaya, na biyu, na uku. Wannan rabon lissafi ne: cinikin na ɗaya shi ke buga na biyu. Ta wannan hanya aka san Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino. A ganina wannan shi ne babban sauyin, domin alƙalami da kyamara sun faɗa hannun matasa da mata, waɗanda da can ba a cika jin muryarsu ba.

Ƙofa ta biyu ita ce ta mai saye. Kaset ɗaya gida guda ke kallo, har da maƙwabta, littafi kuwa ana ba da shi haya, ya zaga unguwa har bangonsa ya cire.

Ƙofa ta uku ita ce labarin kansa. Living in Bondage labarin mutum ne da ya sadaukar da matarsa ga ƙungiyar asiri don ya yi arziki. In Da So Da Ƙauna na Gidan Dabino kuma soyayya ce tsakanin 'yar masu kuɗi da ɗan talaka. Damuwar da ke cin mutane a kasuwa da cikin gida ita ce ta bayyana a allo da takarda.

Sai dai ku yi hattara, ɗalibai. Abu biyu su zo lokaci ɗaya ba hujja ba ce cewa ɗaya ne kaɗai ya haifi ɗayan. Da ba don shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ba, da ba a sami ɗimbin masu karatun boko da za su sayi littattafan ba. Da na'urar bidiyo ba ta shiga gidaje ba, da kaset bai sami kasuwa ba. Waƙa da rawa a fim ɗin Hausa kuwa suna da alaƙa da finafinan Indiya, waɗanda aka daɗe ana kallo a Kano tun kafin SAP. Matsin tattali ya toshe tsohuwar hanya, amma waɗannan ne suka nuna inda sabuwar za ta bi.

Aikin gida: a 2016 da 2020 tattalin arzikin Najeriya ya sake komawa baya, kuma a shekarun nan kasuwar faifan CD ta mutu, masu fim suka koma shirye-shirye masu dogon zango a YouTube da Arewa24, irin su Izzar So da Labarina. Ku bi ƙofofin nan uku, ku ware abin da matsin aljihu ya jawo daga abin da wayar hannu da satar fasaha suka jawo.