Filin Shawarwari: Minti Ashirin a Ƙarshen Wata

Malam,

Na daɗe ina bin filin nan ban taɓa rubutowa ba, yau dai abin ya kai ni maƙura.

Shekara shida ke nan ina kula da kwamfutocin wani ƙaramin banki a Kano. Ni na ja wayoyin ofishin nan da hannuna. Bara na shawo kan shugabanni aka sayi saba ta biyu aka ajiye a reshenmu na Kaduna, na haɗa su gungu guda a kan Windows da SQL Server, kowace a sabnet ɗinta, don in ta Kano ta faɗi ta Kaduna ta ɗauka. Wata uku ina bin manaja kafin a saki kuɗin, kuma a gaban kowa na ce masa an daina tsayawa daga ranar. Da farko haɗin yakan ƙi shiga lokaci-lokaci, na canza wani saiti ya daidaita. Shaidar gungun kuwa na ɗora ta a kan kwamfutar akanta da ke kusa da ofishina, tunda tana kan inbata.

Ranar Litinin ta ƙarshen wata, ana tsaka da biyan albashi, sabar Kano ta mutu. Kafin in gama salati ta Kaduna ta karɓi aiki. Komai kore shar a allona. Amma ba kashiya ko ɗaya da ya iya shiga. Layi har bakin titi, wata tsohuwa tana ta ƙwanƙwasa gilashi da sandarta. Minti ashirin cur, sannan abu ya dawo da kansa, ban taɓa komai ba.

Malam, ba minti ashirin ɗin ne ke ci mini tuwo a ƙwarya ba. Manaja ne ya sauko, a gaban yaran da ni na koya wa matse kan waya, ya tambaye ni ina miliyoyin da na sa aka kashe. A gabansu fa. Ɗaya har ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Yanzu an ce za a ɗauko wani daga Legas ya duba aikina, kuma ba a gaya mini ba, a bakin direba na ji. Shekara shida, ban taɓa cin hutun Sallah cikakke ba, amma a bakin direba zan ji.

Shin laifina ne? Gungun ya yi aikinsa, na gani da idona. In tsaya a wulaƙanta ni gaban baƙo, ko in ajiye musu makullinsu?

Naka,
Mai takaici, Kano

*

Ɗan'uwa,

Na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman abin da zan yi aiki da shi. Na san ranar, na san da tsohuwa da sandarta, na san da direba. Amma ba ka gaya mini Windows ta wace shekara ba ce, ba ka faɗi sunan saitin da ka canza ba, ba ka ce ko ka taɓa kashe sabar Kano da gangan ka ga abin da zai faru ba. Wannan na ƙarshen ina jin na san amsarsa.

Minti ashirin ɗinka ba asiri ba ne, daƙiƙa 1200 ne. In sabobi biyu suna sabnet guda, adireshin IP ɗaya ne ke tashi daga wannan ya koma waccan, kwamfutocin kashiyoyi ba sa ma sanin an yi sauyi. In sabnet ya bambanta, adireshin Kano ba shi da ma'ana a Kaduna, don haka kowane gari da nasa, suna ɗaya ne kawai ke haɗa su a DNS. Kwamfutar kashiya kuwa in ta tambayi DNS sau ɗaya sai ta riƙe amsar zuwa wani wa'adi, kuma wa'adin da gungun Windows ke zuwa da shi, wato HostRecordTTL, daƙiƙa 1200 ne. Kashiyoyinka sun yi ta buga ƙofar gidan da aka tashi ne har wa'adin ya cika.

Saitin da ka canza kuma, in ban yi kuskure ba, RegisterAllProvidersIP ne, ka mayar da shi 0. Yana 1, adireshin garuruwan biyu ake rubutawa a DNS, tsohuwar manhaja kuma takan faɗa kan wanda ba ya aiki ta tsaya jira har lokacinta ya ƙare. Shi ne ƙin shigar da ka gani da farko. Ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago. Maganin da aka tanada tun SQL Server 2012 shi ne ka mayar da shi 1, ka sa MultiSubnetFailover=True a layin haɗin manhajar, sai ta ƙwanƙwasa adireshin biyu lokaci guda ta shiga wanda ya amsa. In manhajar bankin ta tsufa har ba ta gane wannan, bar shi a 0 ka rage wa'adin zuwa daƙiƙa 300, abin da Microsoft da kanta ke ba da shawara. Ka kuma duba yadda sabobin DNS ɗinku ke isar wa juna labari, don tsakanin garuruwa Active Directory na zuwa ne da tazarar minti 180 in ba a taɓa ta ba. Wani zai ce maka a shimfiɗa sabnet guda daga Kano har Kaduna a huta. Ba zan ɓata tawada a kansa ba.

Duk wannan aikin yini ɗaya ne. Abin da ya sa na ajiye kofin shayina shi ne jimlar da ka wuce ta a guje: shaida a kan kwamfutar akanta.

Haba ɗan'uwa. Ka san dalilin da ya sa ake sa shaida? Saba biyu ba sa ganin juna da ido, bugun zuciya suke aika wa juna duk daƙiƙa ta ƙofar UDP 3343. In bugun ya ɗauke, ta Kaduna ba ta da hanyar sanin ko 'yar'uwarta ce ta mutu ko katafila ce ta tsinke waya a gefen titi. In kowace ta ɗauka ita ce ta rage, sai ka wayi gari da littafin banki biyu, an cire kuɗi ɗaya a Kano an sake cire shi a Kaduna. Shi ya sa ake ƙuri'a: saba ɗaya ƙuri'a ɗaya, shaida ta uku, wanda ya samu biyu shi ke ci gaba da aiki, ɗayan ya kame bakinsa.

To ƙirga naka. Ƙuri'a biyu cikin uku suna gini ɗaya, bayan janareta ɗaya, ƙarƙashin rufi ɗaya. Ranar Litinin sa'a ka ci, saba kaɗai ta mutu, kwamfutar akanta ta rayu ta jefa wa Kaduna ƙuri'a. Ranar da gobara ta tashi, ko batirin inbata ya ƙare da tsakar dare man janareta bai zo ba, Kano za ta tafi da ƙuri'u biyu a tare. Sabar Kaduna lafiyarta ƙalau, amma za ta ƙi tashi, kuma ta yi daidai. Sai wani ya je ya tilasta mata da hannu. Wato ainihin bala'in da aka kashe miliyoyin saboda shi, shi ne wanda tsarinka bai shirya masa ba. Ban ma yi maganar ranar da akanta zai kashe kwamfutarsa ya tafi Umra ba.

Shaida wuri na uku take zama, wanda Kano da Kaduna kowace ke kaiwa gare shi ta hanyarta. In kuna kan Windows Server 2016 ko sama, akwai shaidar da ake ajiyewa a Azure, tana buƙatar intanet ta ƙofar 443 daga kowane ɓangare. In ba haka ba, wani reshe na uku, amma ka tambayi masu ba ku layi inda wayarsu ta bi. In duk gefen titin Zariya suka biyo, katafila ɗaya ta ishe ku.

Maganar ajiye makulli kuwa, ba na ba wa mai fushi shawarar barin aiki. Manajanka bai kyauta ba, gyara a ɗaki ake yi. Amma kai ma ka yi alkawari a bainar jama'a kan abin da ba ka gwada ba. Kada ka jira na Legas ya gano shaidar. Rubuta shafi ɗaya da kanka, saiti biyun nan da wurin shaida, ka kai wa manaja gobe da safe, ka nemi izinin wata Asabar bayan la'asar. Ka zaunar da kashiya ɗaya a kan kwamfutarsa, yaron nan mai dariya ya riƙe agogo, ka zare wayar sabar Kano daga bango. Bayan an mayar da shaida wurinta, ka sake, amma wannan karon ka kashe ginin gaba ɗaya. Ka rubuto mini daƙiƙa nawa aka ɗauka, tare da shekarar Windows ɗin da ka manta ka faɗa.