Filashi Ɗaya, Na'urori Iri-iri

Mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum ba sai an gaya musu amfanin filashi ba. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka datse layukan waya a Jihar Zamfara, takarda ko karatun malam ko hoto sai dai a zuba a filashi ko memori, a jefa aljihu, a hau mota. To, amma sau da yawa mutum yakan kai abinsa inda za shi, a soka shi a wata kwamfuta, ta yi kamar ba ta gan shi ba.

Ya kai mai karatu, ba lalle ne ya lalace ba. Kowane filashi da irin tsarin da aka shimfiɗa masa, kamar boko da ajami: takarda ɗaya ce, amma wanda ya iya wannan ba dole ya iya wancan ba. Kwamfutar Windows ta fi sabawa da tsarin NTFS. Ta kamfanin Apple, wato Mac, tana iya buɗe shi, amma ba ta iya zuba kome a ciki. Nata tsarin kuwa, APFS, wanda ya fito a 2017, Windows ba ta gane shi sam.

Akwai tsohon tsari, FAT32, wanda kusan kowace na'ura ta sani, har rediyon mota da talabijin. Aibinsa ɗaya: ba ya karɓar abu guda da ya kai giga 4. Shi ya sa mai ɗaukar bidiyon biki zai ga filashi mai giga 32 wayam, amma fim ɗin ɗaurin aure ya ƙi shiga, har ya soma zargin mai shago ya sayar masa da jabu. Jabun na nan a kasuwa, ba a musu, amma nan ba laifin mai shago ba ne.

Maganin wannan shi ne exFAT, wanda Microsoft ya fitar a 2006. Windows da Mac duk suna buɗe shi su zuba, Linux ma haka, da yawancin sababbin wayoyin Android. Wanda aikinsa yawo tsakanin na'urori ne, ya sa a yi masa fomatin da wannan tun filashin yana sabo.

A nan ne ake yin kuka. Fomatin shara ne, duk abin da ke ciki yake kwashewa. In ka soka filashin wani, kwamfuta ta tambaye ka ko ta yi fomatin, kada ka amsa mata. Zare shi, a mayar da shi kan na'urar da ta san shi, a kwafe kayan a wani wuri tukuna, a buɗe biyu ko uku a tabbata sun shiga, sannan a sake masa tsari.

Wajen zarewa kuma, a umarci kwamfuta ta sake shi, a jira ta ba da izini. In yana da 'yar fitila tana ƙiftawa, bai gama aiki ba ke nan.