Darasi: Zauren Gani da ke Cikin Ƙwaƙwalwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, kowa ya san daren duban wata a nan Sae Sabuwa: jama'a su tsaya bayan Magariba suna fuskantar yamma, wani ya hango jinjirin wata siriri kamar zare, na kusa da shi kuwa ya yi ta ƙura ido bai gani ba. Lalle gani ba a ido kaɗai yake ƙarewa ba. Ibnul Haisam, mutumin Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekara ta 1040, ya bayyana a Kitabul Manazir cewa haske ne ke shiga ido, kuma a ƙwaƙwalwa ganewa ke cika.

Na farko: hanyar saƙo. Idan haske ya faɗa a bayan ido, sai ya zama saƙo, ya bi jijiyar gani mai ƙunshe da zarurruka kusan miliyan ɗaya. Kafin ya isa ƙeya, inda ake gane sura da launi, sai ya yada zango a tsakiyar ƙwaƙwalwa, a wani wuri da likitoci ke kira talamus. Misalinsa kamar zaure ne: baƙo ba ya faɗa wa maigida kai tsaye, sai ya tsaya an yi masa iso. Abin mamaki, daga cikin mahaɗan jijiyoyi da ke wannan zaure, waɗanda suka taso daga ido ba su wuce ɗaya cikin goma ba. Sauran daga ƙwaƙwalwar kanta suke, suna ƙarfafa wani saƙo, suna danne wani, gwargwadon farkawar mutum da inda hankalinsa ya karkata.

Na biyu: aikin dopamin. Wannan wani sinadari ne da jijiyoyi ke aika wa juna. Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ne ya tabbatar da matsayinsa wajen 1958, aka ba shi kyautar Nobel a 2000. Dopamin ba ya ɗauke da hoto. Daidaita ƙarfin saƙo yake yi. Yana da makullai a jikin jijiyoyi, manyansu su ne D1 da D2. Gwaje-gwajen da aka yi a kan kyanwa da ɓera sun nuna cewa a cikin zauren nan yakan ƙara amsawar jijiya ko ya rage ta, ya danganta da yawansa da makullin da ya buɗe. A cikin ido ma ana samunsa: yana ƙaruwa da rana, yana taimakawa wajen rarrabe abu daga inuwar da ke kewaye da shi.

Na uku: amfanin wannan ilimi gare mu. Akwai ciwon makyarkyata da ake kira Parkinson, da sunan likitan Ingila da ya siffanta shi a 1817. Sababinsa shi ne mutuwar jijiyoyin da ke samar da dopamin. Hannu na rawa, tafiya ta yi nauyi, amma da yawa ba su san yana taɓa gani ba. Dattijo sai ya kasa rarrabe dokin ƙofa da ƙasa in almuru ta yi, ko ranar hazo, ya yi tuntuɓe, alhali idonsa garau yake ga mai kallo. Wani ma yakan ga mutane ko dabbobi a ɗaki, babu kowa. Nan take sai a ce aljannu ne, ko an yi masa sammu, a zargi maƙwabci ko kishiya, zumunci ya lalace a kan zato.

Saboda haka, wanda ke da tsoho mai irin waɗannan alamu, ya kai shi likita, in ta kama a wuce asibitin Maradi. Akwai magani mai suna Levodopa da ke sassauta ciwon, ko da yake ba ya warkar da shi. Gane-ganen nan kuwa wani lokaci maganin ne ke ƙara su, don haka a gaya wa likita ya daidaita. Kada a tsayar da shi da ka. A kunna masa fitila a zaure da hanyar bayi, a kama hannunsa zuwa sallar Asuba da Isha'i.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare mana jinmu da ganinmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.